Tambaya kan BK, basil (ƙwayar cuta) mai kawo tarin fuka: yaya sauyi a wajen ƙwayar gado ke karya ƙarfin maganin izoniyazid?

Sa'adatu, labo, Maradi

Assalamu alaikum malamaina da ƴan'uwa ma'aikatan labo. Tambaya biyu gare ni, ina jin tushensu ɗaya amma na kasa haɗa su.

Ta farko: kartush ɗin Xpert MTB/XDR, wanda ake sawa a na'urar GeneXpert mai gwada kaki, kan ba da sakamako cewa basil ya ɗan bijire wa izoniyazid, ya kuma bijire wa etiyonamid, alhali ƙwayar gadon katG lafiyarta lau. Bayanin na'urar ya ce sauyin a furomotar inhA yake. To ai furomota ba a cikin ƙwayar gadon take ba, gabanta take, kuma furotin ɗin InhA bai canza ko da ɗigo ba. Ta ina bijirewar ta shigo?

Ta biyu: idan gwaji ya nuna basil yana jin dukkan magunguna huɗu (izoniyazid, rifamfisin, etambutol da firazinamid), kuma izoniyazid na kashe mafi yawansa a kwanakin farko, me ya sa sai an cika wata shida? Majinyaci kan daina tari tun sati na uku, ƴan'uwansa su fara cewa a bar shan magani haka nan. Ina son amsar da zan fahimta da kaina kafin in faɗa wa wani. Allah ya saka da alheri.

Malam Issoufou

Wa alaikumus salam, Malama Sa'adatu. Kin yi daidai, tushensu ɗaya. Bari in ɗauki ta farko.

ADN, wanda maƙwabtanmu na Najeriya ke kira DNA, kamar kundi ne da ba ya barin ɗaki. Na BK an gama karanta shi a 1998, na nau'in labo H37Rv: harafi miliyan 4.4, ƙwayoyin gado kusan 4,000. Basil ba ya aiki da kundin kai tsaye. Sai an kwafo abin da ake bukata a allo, a yi aiki da shi, a wanke. Allon nan shi ne ARN mai saƙo, kuma a basil mai girma rabinsa kan goge cikin minti tara zuwa goma. Marubucin da ke kwafa shi ne folimeraz ta ARN. Sassanta biyar ne: alfa biyu, beta, beta mai ɗigo, da omega. Ita kaɗai ba ta san inda za ta fara ba, sai an haɗa ta da ɗan jagora da ake kira sigima. BK na da sigima 13, daga SigA zuwa SigM. SigA ke jan ragamar ayyukan yau da kullum, in babu shi basil ba ya rayuwa. SigE da SigH kan fito idan bangon basil ya ji rauni, ko zafi ya yi yawa, ko garkuwar jiki ta watso masa guba. Wurin da sigima ke zaunar da marubucin shi ne furomota, ƴan haruffa gaban ƙwayar gado. Yadda haruffan suka dace da sigima, haka yawan kwafin zai kasance.

Yanzu izoniyazid. Yadda ake haɗiye shi ba ya kashe komai. Sai ya shiga basil, KatG ta kunna shi, ya manne da wani sinadarin cikin basil mai suna NAD, sannan abin da ya fito ya toshe InhA, wato anzim ɗin da ke ƙera dogon kitsen mikolik na bangon basil. Hanya biyu basil ke kuɓuta. Ko ya lalata makunnin, shi ne sauyin katG a kodon 315 (kodon shi ne kalma mai haruffa uku a kundin), wanda ke ba da bijirewa mai ƙarfi. Ko ya bar komai yadda yake ya yawaita InhA har maganin da aka kunna ya kasa isar ta. Sauyin da kika gani na biyun ne: harafi ɗaya tak, C ya koma T, a wuri na 15 kafin farkon fabG1. Da fabG1 da inhA a jere suke, allo ɗaya ake kwafarsu, furomota ɗaya ke buɗe musu. Da wannan harafi ya sauya, marubuci ya riƙa zama a wurin akai-akai, an kuma auna kwafin inhA ya ninka har kusan sau 20. Furotin ɗin yana nan yadda yake, yawansa ne ya fi ƙarfin magani.

Daga nan abubuwa biyu na aiki ke fitowa. Tunda batun yawa ne, ƙara magani na iya rinjaya: a MGIT, wato tib ɗin ruwa da ake shuka basil a ciki don gwada magani, irin wannan basil kan girma a miligiram 0.1 cikin lita amma yawanci ya tsaya a 0.4, shi ya sa ake amfani da izoniyazid mai yawa, miligiram 10 zuwa 15 ga kowane kilo maimakon 5. In kuwa sauyin katG da na furomotar inhA suka haɗu a basil ɗaya, a cire rai da izoniyazid ko nawa aka ba da. Na biyu, etiyonamid da ɗan'uwansa furotiyonamid makunninsu daban ne, EthA ke kunna su, amma InhA ɗin dai suke zuwa su toshe. Saboda haka harafi ɗaya ya kayar da magani biyu. Sai dai ki kula da akasin haka: in na'ura ta ce ba ta ga bijire wa etiyonamid ba, furomotar inhA kawai ta duba. Ba ta leƙa ethA ba, ba ta leƙa ethR ba, wadda ita ce sakatar da ke rage kwafar ethA.

Akwai wanda ya fi wannan ban mamaki, kuma kartush ɗin na duba shi. A cikin fabG1, kodon 203, harafi kan sauya ba tare da ma'anar kalmar ta sauya ba, lusin, tubalin furotin da kalmar ke nufi, ya kasance lusin. Mai duba furotin zai ce babu abin da ya faru. Amma sauyin ya ƙirƙiro sabuwar furomota a tsakiyar fabG1, tana tura kwafin inhA da ke bayanta.

Kar in manta rifamfisin, domin shi marubucin kansa yake kamawa. Yana shiga wani aljihu a sashen beta, dab da inda sabon ARN ke fitowa. Marubuci zai rubuta harafi biyu ko uku, ya ci karo da magani, ya saki, ya sake farawa, haka dai har basil ya mutu. Wanda ya riga ya yi nisa da rubutu, rifamfisin ba ya tsayar da shi, a farawa kawai yake kamu. Ƙwayar gadon beta ita ce rpoB, kuma kimanin kashi 95 cikin ɗari na basil masu bijire wa rifamfisin sauyinsu na cikin haruffa 81 ne kacal. Waɗannan 81 su GeneXpert ke karantawa tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a Disamba 2010.

Dakta Mariama

Malam Issoufou ya share fage. Ƙanwata, tambayarki ta biyu ita ce wadda ta fi ci mini rai, domin a nan muke asarar majinyata.

Ki raba kalmomi biyu a ranki. Bijirewa sauyi ne a kundi, ɗa ya gada daga uwa, GeneXpert na iya ganinsa. Lafewa kuwa kundi bai sauya ba, shafin da ake kwafa ne ya sauya. Basil ɗin da ya lafe, in kika fitar da shi kika shuka a labo, zai farka ya ji magani sarai. Babu gwajin ADN da zai nuna miki shi.

Kin san gaiwa. Idan Gulbin Maradi ya janye, tabkuna suka ƙafe, takan nutse cikin laka ta lulluɓe jikinta, ta rage numfashi, ta ci daga jikinta har ruwan damina ya sauka. BK haka yake yi a cikin ƙullin da garkuwar jiki ke ginawa kewaye da shi a huhu. Tsakiyar ƙullin babu jijiyar jini, oksijin na ƙarewa, ƙwayoyin garkuwa na zuba masa iskar NO. A jikin basil akwai masu sansano iska guda biyu, DosS da DosT, kowanne ɗauke da sinadarin hem irin na jini. Da oksijin ya ja baya, ko NO ko CO ya zo, sai su ɗora fosfat a kan DosR, shi kuma ya hau furomotoci ya buɗe ƙwayoyin gado kusan 50 a tare, cikin ɗan lokaci kaɗan. Daga cikinsu akwai hspX, mai kare sauran furotin daga lalacewa, da tgs1, mai tara kitse a cikin basil ya zama guzuri. An duba kakin majinyata a Gambiya da Ingila, aka rina da jan rinin kitse, aka ga ɗigo-ɗigon kitsen nan a cikin basil. Wato tun ranar farko, cikin kwalbar kakin da ke gabanki, akwai masu girma akwai masu lafewa. Wasu daga masu lafewar ma ba sa riƙe jan rinin Ziehl-Neelsen da kyau, sai lam, wato gilashin da ake shafa kaki a duba a madubin labo, ya fito babu komai alhali suna nan.

To duba abin da wannan ke yi wa magani. Izoniyazid da etambutol ginin bango suke tarewa. Wanda ya daina gini, me za a tare masa? Shi ya sa izoniyazid ke yin ɓarna mai yawa a kwana biyun farko, ya share masu girma da ke cikin kogon huhu, tari ya lafa, zazzaɓin dare ya tafi, majinyaci ya fara cin tuwo. Saura kuma suna nan. Rifamfisin na iya kama su saboda ko mai lafewa yakan ɗan motsa ya yi kwafi jefi-jefi, kuma dole maganin ya kasance a jini a daidai wannan lokacin. Firazinamid kuwa ya fi aiki a wuri mai tsami da kan basil da ba ya girma. Tarihin maganin kansa shaida ne: kafin rifamfisin wata 18 ko fiye ake sha, da shi aka sauko wata tara, da aka haɗa da firazinamid aka kai wata shida. Wata huɗun ƙarshe na rifamfisin da izoniyazid farautar masu lafewa ne, ɗaya bayan ɗaya, yayin da suke farkawa.

Amma kada a ɗora wa DosR komai, kamar yadda ake yi a wasu darussa. An cire dosR a basil aka sa wa ɓeraye, bai yi rauni sosai ba, domin ƙullin huhun yawancin ɓerayen labo ba ya rasa iska irin na mutum. A zomaye da birai ne raunin ya bayyana. DosR buɗe ƙofa yake yi, bayan kwana ɗaya wasu ƙwayoyin gado sama da 200 ke karɓar aikin. Yunwa kuma hanyarta daban: Rel na ƙera ƙaramin sinadarin ƙararrawa ppGpp, aikin ƙera ribozom, injin da ke haɗa furotin, ya ja baya. Ga kuma tagwayen guba da makarinta, sama da 80 a BK, waɗanda idan wahala ta zo makarin ya narke, gubar ta yanka ARN na basil ɗin kansa, girma ya tsaya. Hanyoyi da yawa ne zuwa wuri ɗaya, shi ya sa har yau babu ƙwaya ɗaya da ke tashe su duka.

Ko lafiya lau ma, BK ba mai sauri ba ne. Jerin ƙwayoyin gadon ribozom ɗaya gare shi, E. coli na da bakwai. Shi yakan rabu biyu a kusan awa 20, E. coli a minti 20.

Abin da ke haɗa tambayarki ta biyu da ta farko shi ne lissafi. Cikin basil kusan miliyan ɗaya akan sami guda da ya bijire wa izoniyazid haka kawai, cikin miliyan ɗari akan sami guda na rifamfisin, kogon huhu ɗaya kuwa na iya ɗaukar miliyan ɗari ko fiye. Majinyacin da ke sha yau ya bari gobe, yana ba masu lafewa damar farkawa su hayayyafa, kowace hayayyafa kuma sabon jefa ƙuri'a ne. Ga ƴan'uwan majinyaci, misalin gaiwa ya wadatar: ruwan ya ƙafe, amma tana cikin laka.

Sa'adatu, labo, Maradi

Na gode Malam, na gode Dakta, yanzu kan zaren ya kamu. To tunda GeneXpert kundi yake karantawa, shi ya sa yake ci gaba da cewa akwai BK ko bayan basil ya mutu? Kuma in haka ne, me zai hana a auna allon, wato ARN, don a san mai rai da abin da yake yi? Zai yiwu da kakin da ake kawo mana daga Dakoro ko Tasawa?

Laouali, bayoloji

E, Malama, ADN na mataccen basil kan daɗe a kaki wata da watanni. Shi ya sa ba a bin diddigin magani da GeneXpert, sai lam a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6, ko shuka.

Auna ARN ana yi, a bincike. Akwai gwajin da ke ƙirga ARN na ribozom, 16S, don sanin yawan masu rai, akwai kuma mai auna sabon ARN na ribozom da ba a gama gyarawa ba, don sanin ko basil na aiki ko ya lafe. Amma da kakin da ya kwana a hanya daga Dakoro bisa kabu-kabu cikin zafin Afrilu, a'a. Ba lalacewa kawai zai yi ba, ƙarya zai faɗa miki. Kwalba a rufe, kaki mai kauri, oksijin ya ƙare a ciki: DosR zai kunnu a cikin kwalbar, ki auna hspX ya hau sama ki ce daga huhu ne. Ko barin basil ya kwanta a gindin tib kafin a kashe aikinsa na haifar da haka.

Ga yadda ake yi in ana son gaskiya. Majinyaci na tofarwa, cikin minti biyar a zuba kakin a ruwan guwanidin tiyosiyanat mai ƙarfin mola 4 zuwa 5, wanda aka sa wa beta-markaftoyetanol kashi 1 cikin ɗari a ranar. Awo ɗaya na kaki, awo huɗu na ruwan. Shi zai narkar da kakin, ya fasa ƙwayoyin mutum, ya kashe anzim masu cin ARN, ya daskarar da kwafi a yadda yake, amma bangon BK mai kitse ba ya fashewa. Wannan alheri ne, domin za ki juya a santirifuj, ƙarfin 3,000 g na minti 30, ki zubar da ruwan sama da tarkacen mutum, basil ya rage a gindi. Kuma haɗari ne, domin ba za a ɗauka duk sun mutu ba: a yi aikin cikin akwatin kariya mai jan iska, da kofunan santirifuj masu murfi, a buɗe su a cikin akwatin. In ba za a yi aikin a ranar ba, a ajiye a sanyin 80 ƙasa da sifili. Firizar da wuta ke ɗaukewa ta narke ta sake daskarewa, kowane zagaye yana cin ARN.

Gargaɗi da babbar murya: kada guwanidin tiyosiyanat ya haɗu da ruwan jabel, wato bilic. Iska mai guba ke tashi, har da sayanid. Mu kuwa a labo hannunmu ya saba da zuba jabel a kan komai. A ware masa bokitin sharar sa, a rubuta a jiki.

Fasa basil sai da duka. Ana zuba abin da ya kwanta a ruwan fenol da guwanidin irin su TRIzol, cikin tib mai ƙananan duwatsun zirkoniya na milimita 0.1, a girgiza a na'ura da gudun mita 6 a sakan na sakan 40. In za a maimaita, a sa tib a ƙanƙara tsakani, domin dukan na kawo zafi. Wanda ya tsallake wannan mataki ya yi aiki da hanyar da ake yi wa E. coli, ARN na mutum zai samu, na BK kuwa kusan babu. Daga nan kulorofom, a juya, a ɗebi ruwan sama a hankali ba tare da taɓa farin layin tsakiya ba, a kwantar da ARN da alkol, a wanke, a narkar a ruwan da babu anzim mai cin ARN.

Matakin da aka fi yi wa ha'inci shi ne share ADN. A sa anzim mai cin ADN a digiri 37 na minti 30, a ƙara sabo a sake minti 30. Sannan kowane samfur a raba shi biyu, ɗaya a mayar da ARN ɗinsa ADN, ɗaya a hana shi anzim ɗin mayarwar. In na biyun ya fito a PCR, gwajin da ke ninka ADN zagaye bayan zagaye, kusa da na farko, kundi kike aunawa ba allo ba. A nemi tazarar zagaye biyar ko fiye tsakaninsu. Zagaye ɗaya ninki biyu ne, zagaye 3.3 ninki goma, to ki ga yadda ɗan kuskure ke zama babban sakamako.

Abu biyu kuma. Kakin da aka riga aka sa wa soda (NaOH), ko na shirin shuka ko ruwan da ke zuwa da kartush ɗin GeneXpert, ya tashi daga aiki, soda na yanka ARN nan take. A karɓi kwalba ta daban. Sannan yawancin mutane da sigA suke daidaita awonsu, suna ɗauka ba ya motsi. Yana raguwa idan basil ya daina girma, wato a daidai yanayin da kike son aunawa. A haɗa shi da 16S, a duba ko labarin ya zo ɗaya.

Dakta Mariama

Malam Laouali, batun jabel ɗin nan ya cancanci a manna shi a bangon kowane labo.

Ina so in dawo kan furomota da sakata, domin abin bai tsaya a izoniyazid ba, kuma ya shafe mu kai tsaye. Nijar na cikin ƙasashen farko da suka ɗauki gajeren tsarin maganin tarin fuka mai bijirewa wanda aka fara a Bangaladash, tun 2008, tare da ƙungiyar Action Damien. Ku duba magungunan tsarin na farko: furotiyonamid, kanamisin, kulofazimin, uku daga cikin bakwai, kowanne basil na iya kayar da shi ta hanyar yawan kwafi kawai. Na furotiyonamid an faɗa. Kanamisin, sauyi a furomotar eis ke yawaita anzim ɗin da ke lalata shi. An daina allurar yanzu, amma darasin na nan.

Na kulofazimin ne ke hana ni barci. Basil na da famfo mai fitar da magani waje, MmpS5 da MmpL5. Kusa da su akwai Rv0678, aikinta ta zauna a kan furomotarsu ta hana kwafi, famfo ya kasance kaɗan. Duk abin da ya lalata Rv0678, ko harafi ya ƙaru ko ya faɗi ko ya sauya, sakata ta zare, famfo ya yawaita. Famfon nan kuwa da kulofazimin da bedakilin duka yake fitarwa. Ma'ana majinyacin da ya taɓa shan kulofazimin na iya zuwa da basil da ya rage jin bedakilin, bai taɓa ganin ƙwayarsa ba. Bedakilin kuma shi ne ginshiƙin tsarin wata shida da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022, tare da furetomanid, linezolid da moksifuloksasin.

Wahalar ganowa ita ce lalata abu ya fi gyara shi hanyoyi. Sauyin rpoB dole ya bar marubuci yana aiki, shi ya sa ya taru a haruffa 81. Rv0678 kuwa ko ta ina aka fasa ta, ta fasu, sauye-sauyen a warwatse suke daga farko har ƙarshe. Babu kartush ɗin da ke ganinsu. Sai an karanta jerin haruffan, ko a shuka a MGIT da bedakilin miligiram 1 cikin lita. Ƙarin bijirewar ma ba shi da yawa, ninki biyu zuwa takwas, yana yawo a bakin iyaka, gwaji ɗaya ya ce e wani ya ce a'a. A aikace: duk wanda ke kan bedakilin kuma shukarsa ba ta koma babu ba a wata na huɗu, ko ta koma babu ta sake dawowa, a tura samfur a duba. Wanda ya yanke magani kuma a neme shi da gaggawa, domin bedakilin na daɗewa a jiki, rabinsa sai bayan wata biyar da wani abu yake fita. Yawancin sauran magungunan sun tafi cikin kwanaki, shi kaɗai ya rage a jini kaɗan-kaɗan, babu yanayin da ya fi wannan dacewa da basil mai karyayyar sakata.

Malam Issoufou

Ƴan gyare-gyare ga masu karanta takardar sakamako. A sauyin rpoB, za ku ga S531L a wata takarda, S450L a wata. Sauyi ɗaya ne, na farko lambar E. coli, na biyu lambar BK, a cire 81. Haka 526 shi ne 445, 516 shi ne 435. S450L ya fi kowanne yawa domin bai cika raunana marubucin ba, ɗan raunin da ya rage kuma basil kan gyara shi da wani sauyi a rpoC ko rpoA, ya ci gaba da yaɗuwa kamar lafiyayye. Tsohon zancen cewa mai bijirewa ba ya kama mutane da sauƙi, a ajiye shi.

Kashi 5 da ke wajen haruffa 81 ma ba abin wasa ba ne. I491F GeneXpert ba ya ganinsa, a Eswatini kuma an same shi a kusan kashi 30 na masu bijire wa magunguna da yawa. Wasu sauye-sauyen cikin 81 ɗin, irin L430P da D435Y, GeneXpert na gani amma MGIT na cewa basil na jin magani. Saboda su aka sauke ma'aunin rifamfisin a MGIT daga miligiram 1 zuwa 0.5 a 2021. In suka saɓa a irin wannan, a bi GeneXpert. Majinyacin da lam ɗinsa bai koma babu ba, kuma kartush ɗin Xpert MTB/XDR ya nuna ya bijire wa izoniyazid, kada a kwanta a kan cewa rifamfisin lafiya.

Ga masu shuka a yankinmu: ba duk BK ne iri ɗaya ba. Afirka ta Yamma na da Mycobacterium africanum, reshe na 5 da na 6, ga kuma M. bovis na shanu da ke zuwa ta nonon da ba a tafasa ba. GeneXpert duk suna ɗaya yake ba su. Africanum ya fi jinkirin fitowa a shuka, kuma a Gambiya an ga reshe na 6 na kwafar mpt64 ƙasa da yadda aka saba, sai gwajin sauri na MPT64, mai tabbatar da cewa abin da ya tsiro BK ne, ya fito babu a ranar da tib ya nuna girma. Kada a yi saurin rubuta cewa ba BK ba ne. A mayar da tib, a sake gwadawa bayan ƴan kwanaki. Bovis kuwa tun asali ba ya jin firazinamid.

Hajiya Rabi, farmasi

Sannunku da ƙoƙari, na ƙaru. Abu ɗaya zan ƙara daga teburin raba magani: rifamfisin na taɓa kwafin ƙwayoyin gadon majinyaci shi ma. A hanta yana kama wani furotin mai suna PXR, shi kuma ya buɗe kwafar CYP3A4 da UGT1A1, anzim masu narkar da magunguna. Cikin sati ɗaya zuwa biyu hanta ta cika da su. Shi ya sa mai shan dolutegirabir, maganin ƙanjamau, ake ƙara masa miligiram 50 bayan awa 12 da shan na kullum, kuma a ci gaba har sati biyu bayan an gama rifamfisin, domin anzim ɗin da aka riga aka ƙera ba sa ɓacewa ranar da aka daina. Shi ya sa kuma ba a haɗa bedakilin da rifamfisin. Matan da ke shan ƙwayar tazarar haihuwa ko masu ashanar hannu, a gaya musu tun ranar farko cewa ƙarfinta zai ragu, a tura su wajen ungozoma a sauya musu zuwa allurar wata uku ko robar mahaifa.

Malama Sa'adatu, in sakamakon furomotar inhA ya fito, ki rubuta shi filla-filla a takardar da za ta je wajen likita, kada ki taƙaita da cewa ya bijire wa izoniyazid. Ki sa ko katG ce, ko inhA, ko duka biyun, domin da wannan layin za a yanke ko a ƙara izoniyazid ko a cire shi, da kuma ko furotiyonamid na da sauran amfani.